Wutar Gayya a Kafin Ɗorawa

Birnin Kudu,
17 ga Janairu, 1977.

Zuwa ga Kawuna, Alhaji Maikano, a Kano.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa tare da ladabi da biyayya, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Zahara'u da yara da dukkan yaran kanti. Ina gajiya, ina kasuwa? Idan ka tambaye mu, muna nan lafiya, sai godiyar Allah. Inna, yayarka, tana gaishe ka ƙwarai.

Bayan haka, ni ne ɗanka Ƙasimu, mai digiri a fannin injiniyancin lantarki daga jami'a a Zariya, wanda a halin yanzu yake aiki a sashen ayyuka a nan Birnin Kudu. Ban ambaci wannan don taƙama ba, tun da kai ne ka tsaya mini har na kai ga hakan. Na ambata ne domin ka tabbata cewa abin da ke tafe ilimi ne tsantsa, ba hasashe ba, ba kuma zancen bakin kasuwa ba. Maƙasudin takardar guda ne: injin famfon da ka kafa wa garinmu Kafin Ɗorawa yana cikin haɗari, kuma kai kaɗai ke da ikon tsare shi.

Kawu, ka yi wa garin nan abin da ba a taɓa yi masa ba. Ka haƙa rijiyar burtsatse, ka sa famfo da tanki, ka kawo janareta, ga duro guda na man gas kowane wata. Bana ce shekara ta farko, tun da aka kafa garin, da mata ba su ɗebo ruwan sha a kududdufi ba, kuma kai ka san abin da ruwan kududdufin nan yake zuba mana a ƙafafu duk damina. Don maganin kurkunu ka yi wannan aiki, Allah ya saka maka.

Musabbabin matsalar kuwa shi ne wannan. An gina ɗakin janareta a bakin hanya, rijiya kuma tana can ƙarshen gari, sai aka ja waya tsakaninsu. Da mota ta kasa tsallake yashin rafi, Baba Ɗan'auta, Sarkin Noma, ya kira gayya, mazan gari suka ɗauko falwayoyin da za a ɗora wayar a kansu a kafaɗa tun daga Basirka. Ranar buɗewa, cikin farin ciki, ka ce duk wanda ya sa kafaɗarsa a falwaya haske zai shiga zaurensa. Ni na ɗauki wannan a matsayin balaga irin ta taro. Su kuwa sun ɗauke ta alkawari. Akwai wani mai gyaran rediyo da ke zuwa ran kasuwa, wanda ke maƙala wa mutum waya a jikin babbar wayarmu a kan kaza ɗaya ko tiyar gero. Ranar Asabar da na je gida na ƙirga ƙwayayen lantarki hamsin da biyu.

Ina roƙon ka bi ni a hankali cikin lissafin, domin ba shi da wuya ga mai auna yadi. Ranar buɗewa na sa mita na auna. A bakin janareta ƙarfin turin wuta bolt 240 ne, a bakin rijiya kuwa bolt 228. Gudun wutar da ke bin wayar, wato abin da famfo ke sha, amfiya 6. Ƙa'ida ta ce idan ana son sanin turjiyar waya, a raba bolt ɗin da ya ɓace a hanya da amfiyan da ya bi ta. Sha biyu a raba wa shida, biyu. Ke nan turjiyar wayarmu om biyu ce. Ma'anarsa, kowane amfiya da ya bi wayar nan sai ya biya kuɗin fito na bolt biyu kafin ya isa. Ƙa'ida ta biyu ta ce ƙarfin aiki shi ne bolt sau amfiya. Bolt 228 sau 6 ya ba da kusan wat 1,400, kuma wannan shi ne abin da famfo ke buƙata don ya ɗago ruwa, ba ragi.

To, kowane ƙwai yana shan rubu'in amfiya. Ƙwai hamsin da biyu sun sha amfiya 13, kuma duk ta wayar nan guda suke bi, suna biyan fito daga rabon famfo. Da na auna ranar Asabar, bolt 200 kacal ke isa rijiya. Injin famfo ba ya cewa an rage mini, bari in rage aiki. Wat 1,400 ɗinsa yake nema ko ta halin ƙaƙa, saboda haka sai ya ƙara shan amfiya. Yanzu 7 yake sha maimakon 6. Zafin da ke taruwa a naɗin wayar cikinsa kuwa yana bin amfiya sau amfiya ne. Da 36 ne, yanzu 49. Natijar wannan, idan aka ci gaba, ita ce ƙonewa, kuma ina faɗin haka da yaƙini.

Magani ba ya buƙatar ko kwabo. Ko dai a rage ƙwayayen su dawo ashirin, ko kuma a riƙa tayar da janareta da hantsi, kowa ya kwance ƙwansa, har tanki ya cika. A yanzu sai magariba ake tayar da shi, famfo da ƙwayaye su yi ta kokawa a lokaci guda. Mabuɗin ɗakin inji yana hannun Baba Ɗan'auta, kuma ba zai saurari kowa ba sai kai. Layi biyu daga hannunka sun wadatar.

Ina sauraron amsarka. A gaida Hajiya da yara. Ka huta lafiya.

Ni ne ɗanka mai biyayya,
Injiniya Ƙasimu.

*

Birnin Kudu,
28 ga Fabrairu, 1977.

Zuwa ga Kawu Alhaji Maikano.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? Mun ji ta yi fama da haƙori, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau.

Bayan haka, direbanka Maikuɗi ya iso, ya kawo mini goro da saƙon baka cewa ka ga takardata, ka ji daɗin yadda na iya tsara magana, kuma in kwantar da hankalina. Na gode. Sai dai ya sauke wa Mai Gari kwali guda na sababbin ƙwayaye, ya ce ka ce a raba wa waɗanda ba su samu ba. Kawu, na duba kwalin. Masu wat ɗari ne. Kowane ɗayansu ya kusa cin abincin biyu na da. Ina kyautata zaton magatakardanka bai karanta maka takardata har ƙarshe ba, ko kuma ya tsallake wurin lissafin.

Ganin haka na nemi dattawa su zauna a zauren Mai Gari. Na aro allo da alli daga makarantar firamare, na zayyana musu mas'alar daki-daki, tun daga muƙaddima har zuwa kammalawa, kuma a ganina ko a jami'a ban taɓa yin bayani mai kyan wannan ba. Sun saurare ni da natsuwa har na ajiye alli. Sannan Baba Ɗan'auta ya gyara zama ya tambaye ni, shi wannan om ɗin da nake ta kira, ɗan wane gida ne, kuma ya ɗauki falwaya ran gayya ko bai ɗauka ba. Zaure ya fashe da dariya. Da aka lafa ya ce tun kakanninmu ba a taɓa kiran gayya an dafa tuwo, sannan a tsaya bakin akushi ana zaɓen wanda zai ci ba. Ya ce in nuna masa da yatsa mutum ashirin ɗin da kafaɗarsu ta fi ta saura, shi kuma zai je ya gaya wa sauran da bakinsa. Ban iya nuna kowa ba, domin rabin zauren iyayena ne, rabin kuwa su suka yi mini kaciya suka sa ni makaranta.

Da na koma kan batun tayar da inji da hantsi, sai Liman ya ce ƙona mai alhali ranar Allah tana tsaka almubazzaranci ne, kuma amanar man nan Alhaji ya ba su. Wani daga baya ya ce shiga zauren magidanci a kwance masa ƙwai daidai yake da tuɓe masa hula a gaban iyalinsa. Baba Ɗan'auta ya rufe taro da cewa famfo dai ga shi yana ba da ruwa, ni kuma ina ba da labari. Tun daga ranar yaran gari ke kirana Malam Om. Har 'yan matan da ke tallan fura.

Na fito zauren nan raina a ɓace, na yanke shawarar in fara da gidanmu domin in zama abin koyi. Na je na hau turmi na kwance ƙwan da ke rumfar Inna, na naɗe wayar na sa a jaka. Na yi mata bayanin dalili gwargwadon fahimtarta. Ta shiga ɗaki ta lalubo tsohuwar fitilarta ta ƙwai, ta goge gilashin da bakin zane, ta aiki ƙanwata Ruƙayyatu sayen kananzir. Wallahi, Kawu, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar ta zagayo na koma. Tun daga bakin gari na ga ana gaishe ni sama-sama. Ashe magana ta bazu cewa boko ya sa ɗan Batulu ya jefa uwarsa cikin duhu. Maƙwabcinmu Malam Iliyasu kuwa tausayi ya kama shi, ya sayar da zakara, ya kira mai gyaran rediyo, aka jawo wa Inna waya daga gidansa ta kan danga. Ƙwai biyu ya sa mata, ɗaya a rumfa ɗaya a ɗaki, wai don a huce mata takaici. Ya tare ni a ƙofar gida ya ce in na isa in taɓa wannan, tun da ba daga falwayar ubana ya jawo ba. Ke nan sadaukarwar da na yi ta ƙara wa wayar kaya maimakon ta rage.

Ga ƙididdigar shekaranjiya. Bolt 180 ke isa rijiya. Sittin sun ɓace a hanya, a raba wa om biyu, amfiya 30 ke nan ke bin wayar, wanda shi ne iyakar abin da janaretanka zai iya bayarwa. Famfo yana shan kusan 8. Takwas sau takwas 64, inda a da 36 ne. Ban iya barin tafin hannuna a jikinsa ba.

Ina roƙonka, ba saƙon baka ba. Maikuɗi mutumin kirki ne, amma gidan surukansa ƙwai uku ne a ciki, kuma magana takan yi laushi a bakinsa kafin ta iso. Ka rubuto, ko da ajami ne, da hannunka.

A gaida mutanen gida. Wassalam.

Ɗanka,
Injiniya Ƙasimu.

*

Birnin Kudu,
11 ga Afrilu, 1977.

Zuwa ga Kawuna abin ƙaunata.

Assalamu alaikum. Ina yi maka gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, da fatan kana lafiya. Yaya zafi a birni? Nan ya tsananta, har tsamiyar kasuwa ba ta da inuwar kirki. Inna da Ruƙayyatu suna gaisuwa.

Bayan haka, saƙonka ya iso ta bakin Maikuɗi, cewa babba ba ya faɗin magana a bainar jama'a ya dawo ya lashe ta, kuma in Allah ya kai mu kaka za ka sayo janareta wanda ya ninka wannan. Na fahimci nauyin da ke kanka, ban kuma raina shi ba. Amma ka yi mini uzuri in ce wannan ba zai warkar da ciwon ba. Illar ba a janareta kaɗai take ba, a waya take. Ko janaretan da ke haskaka Kano ka ɗauko ka ajiye a bakin hanyar nan, wayar om biyu ce, kuma za ta ci gaba da karɓar bolt biyu a kan kowane amfiya. Sannan famfon ba zai kai kaka ba. Ina shakkar ya kai shuka.

Na yi abin da ilimina ya ba ni. Na sa fiyus a bakin famfo wanda zai tsinke idan amfiya ya wuce kima, domin ya tsare injin. Ya tsinke, kamar yadda aka yi shi ya yi. Da aka kwana babu ruwa sai aka kira mai gyaran rediyo, ya cire shi ya soka ƙusa a gurbinsa, aka yi masa godiya. Na cire ƙusar na mayar da fiyus, na dawo wata Asabar na tarar da wata ƙusar, wadda ta fi ta farko kauri. Ni ran Asabar nake zuwa in koma Lahadi, su kuwa suna nan kullum. Yanzu har tela ya sayo dutsen guga na lantarki, mai wat dubu, shi kaɗai ya ci rabon ƙwai goma sha shida.

Janareta da kansa ya fara nishi, bolt 220 yake fitarwa. Bolt 155 ke isa rijiya. Famfo na shan amfiya 9. Tara sau tara 81, fiye da ninkin abin da aka gina shi ya ɗauka. Idan ka tsaya kusa da shi za ka ji ƙauri kamar an bar guga a kan riga. Injiniya mai digiri, Kawu, abin da ya rage mini shi ne in jiƙa buhu in lulluɓa masa, in tsaya ina yayyafa ruwa kamar mai jinyar zazzaɓi.

Na sami Mai Gari shi kaɗai. Ya ce shi ma ya ji ƙaurin, kuma ya san ba ƙarya nake yi ba. Amma ya ce maganar ba daga bakinsa ta fito ba, saboda haka ba bakinsa zai mayar da ita ba.

Kawu, kai ka bar gari da daɗewa, amma ba ka manta ba. Ni ina tuna daminar da kurkunu ya fito wa Inna a ƙafa biyu lokaci guda, tana zaune a tabarma tana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, tana cije leɓe don kada mu ji. Ciyawa ta cinye gonarmu a shekarar, muka ci rani da dawar da ka aiko. Rabin mazan da suka ɗauko falwayoyin nan suna da tabonsa a idon sawu. Tsohuwar rijiya ta ƙafe kamar yadda ta saba kowace bazara. Idan famfon nan ya tsaya, babu inda za a nufa sai kududdufi.

Ba na neman a ce na yi gaskiya. Su ci gaba da kirana abin da suka ga dama. Ka rubuto kawai.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi.

Ɗanka,
Ƙasimu.

*

Birnin Kudu,
9 ga Mayu, 1977.

Zuwa ga Kawu Alhaji Maikano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Hajiya da yara, ina fatan kowa yana cikin alheri. Mu nan da sauƙi. An yi yayyafi sau biyu, ba a kai ga shuka ba.

Bayan haka, ina sanar da kai cewa injin famfo ya ƙone ranar Asabar ta ƙarshen watan jiya, jim kaɗan bayan sallar magariba. Ina tsaye a kansa da buhuna. Ya yi wani gurnani, ya yi shiru, hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin buhun. Na kashe makunninsa, na zauna a bakin dakalin rijiya.

Ina nan zaune sai na ji guɗa daga cikin gari. Na ɗaga kai na ga Kafin Ɗorawa ta yi wani haske da ba ta yi ba tun ranar buɗewa. Ƙwayayen da suka daɗe suna ja kamar garwashi duk sun yi fari tas. Dalilin a fili yake. Amfiya 9 na famfo sun sauka daga kan waya, bolt ɗin da suke biya a hanya ya dawo, janareta ya sami numfashi, ƙwayaye suka raba gadon. Lissafin ya fita daidai, Kawu, har abin da ban so ba.

Tanki yana da sauran ruwa, saboda haka babu wanda ya san abin da ya faru. Da safe ina shirin tafiya sai ga Baba Ɗan'auta da dattawa huɗu a ƙofar gidanmu, da zabi biyu a hannu. Ya ce sun zo ban haƙuri ne. Ya ce ashe yaron nan aiki yake yi a ɓoye suna yi masa dariya, ga shi ya gyara wuta ta fi ta birni, daga yau duk wanda ya sake cewa Malam Om shi da shi ne. Malam Iliyasu ya riƙe hannuna ya ce ya yafe mini abin da na yi wa Inna. Inna kuma tana bakin ƙofa tana murmushi, rabon da in ga haƙoranta tun ranar da na hau turmin nan.

Na gaya musu cewa famfo ya mutu, kuma mutuwarsa ce suke gani a ƙwayayensu. Sai Baba Ɗan'auta ya ce inna lillahi, kowane mai rai da ajalinsa, ƙarfe ma haka, kuma Alhaji ba zai bar garinsu da ƙishirwa ba. Suka ajiye mini zabin suka tafi. Har yanzu babu wanda ya haɗa wannan da wancan, kuma da magariba aka tayar da janareta kamar kullum.

Shekaranjiya da na koma na tarar da hanyar kududdufi ta sake fitowa fes, kamar ba a taɓa barinta ba. Na tsaya a gindin ɗorawa ina kallon mata suna shiga ruwan har gwiwa suna cika tulu, Ruƙayyatu a cikinsu. Wannan cuta ba ta nuna kanta sai shekara ta zagayo. Wanda ya sha yau, baɗi war haka zai kwanta, daidai lokacin noman farko. Suna wucewa suna gaishe ni, ina amsawa, ni kaɗai na san abin da ke cikin tulunan.

A ranar ne kuma Maikuɗi ya kawo mini farar shaddar da ka aiko, yadi goma, wai in ɗinka in huce. Na gode, kuma ina neman gafararka, domin ban kai ta wurin tela ba. Ma'aikatan asibitin nan Birnin Kudu sun ce idan aka tace ruwa da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa ana rage cutar. Na wanke shaddar har sitacinta ya fita, na yayyanka ta, na bi gida-gida ina ɗaura wa bakin randa. Ba ta kai ko rabin gari ba. Wasu sun karɓa sun ɗaura, wasu sun ce wannan ta fi ƙarfin randa, sun adana don hular yara.

Injin yana nan ɗakina, na ɗauko shi a bayan babur. Na buɗe shi, naɗin ya narke ya zama gawayi. Akwai mai naɗin waya a Kano da ya ce zai sake naɗa shi cikin mako biyu, kuma gobe zan sa shi a mota, wannan ɗawainiya tawa ce. Da na fara wannan takarda niyyata in rubuta maka cewa ba zan mayar da shi rijiya ba sai na ga umarninka a rubuce. Na ma rubuta, na yage. Kai ka san ba zan iya ba. Ba zan ajiye inji a ƙarƙashin gado Inna tana shan kududdufi ba. Ranar da aka gama shi zan ɗaura shi a babur in kai in haɗa, ko ka rubuto ko ba ka rubuto ba. Zai sha amfiya 9 tun daren farko, ƙwayaye su koma ja, a ce na sake ɓata wuta. Naɗi na biyu kuwa ba ya kai na kamfani ƙarko, saboda haka ba zai yi kwanan da na farko ya yi ba.

Don haka, Kawu, da dukkan ladabin da ɗa ke bin ubansa da shi, ina neman amsa a rubuce, da hannunka da sa hannunka, ba ta bakin Maikuɗi ba, ba kuma tare da tsaraba ba. Ba sai ka janye alkawarinka ba. Ka ce kawai a tayar da inji da hantsi, kowa ya kwance ƙwansa har tanki ya cika, da magariba kowa ya mayar. Takardar ta iso hannuna a nan Birnin Kudu kafin ranar Juma'a, 20 ga Mayu, 1977, domin a karanta ta a ƙofar Mai Gari idan jama'a sun dawo daga masallacin Juma'a na Basirka. Injin zai dawo a makon da ke biye.

A gaida Hajiya Zahara'u da yara. Inna ba ta san na rubuto ba, amma na san da ta sani da ta ce a gaishe ka.

Ni ne ɗanka,
Ƙasimu.